Ruwan da Sakib Ya Bari a Tanki

Talata, bayan La'asar

Yau ma a mota na yi sallolina. Idan na shimfiɗa darduma tsakanin gado da wurin girki, goshina yana sauka daf da ƙofar banɗaki, shi ya sa nake rataya zani a jikin ƙofar kafin in tayar. Alƙibla ta ɗan karkace mini, don motar ba daidai take tsaye ba. Mijina Sakib ne ya ajiye ta haka a tsakar gidan yayarsa Ramiza, ƙarƙashin itacen tuffa, saboda lungun gidanmu ba ya ɗaukarta. Da lungun yana ɗaukarta, da tudun da ya zaftaro wa gidanmu ya haɗa da ita, da yanzu ba ni da wurin kwana. Ban san ko irin wannan ana yi masa godiya ba. Na dai yi.

Motar kwana ce, tsohuwa, daga Jamus ya taho da ita shekarar da ya ajiye aiki. Akwai gado, da murhun gas, da ɗan wurin wanka, da tankin ruwa a ƙarƙashin benci. Ya cika tankin ana gobe za mu tafi bakin teku. Ba mu tafi ba.

A saman ƙofa akwai wani maɓalli, idan an danna sai ƙananan fitilu su nuna yawan ruwan. Na danna. Duk sun kama.

Laraba, da hantsi

Ramiza ta buga ƙofa da gwiwar hannu, tana riƙe da faranti da gahawa.

"Amarya, kina raye?"

Kaina ya yi furfura, har yau amarya take ce mini.

Na ce, "Da rai, Yaya. Shigo."

"In shigo ina? In na shigo ke sai ki fita." Ta zauna a bakin ƙofa ta kunna sigari, ta riƙa kore hayaƙin waje da hannu saboda ni. "Ɗakin sama yana nan. Na canza zanin gado. Jiya ma na canza, ba wanda ya kwanta a kai. Ko wari gidana yake yi ne, Malama?"

Na ce ba haka ba ne. Kuma ba hakan ba ne. Gidanta tsaf yake. Talabijin ce dai ba ta shiru, kuma mijinta Eshref yana da abin da yake dafawa a rumfar baya cikin tukunyar jan ƙarfe, wanda duk gari ya sani, ba kuma wanda ya taɓa gani. Ba na aibata shi. Mutumin kirki ne. Shi ya ɗauko Sakib a bayansa ranar nan da tudu ya sauko.

Ta hango jarkar da nake ɗebowa daga famfon kicin ɗinta, ta ce, "Ikon Allah. Kina zaune a kan tanki cike, kina jigilar ruwa kamar jaka."

Na ce ban iya kunna famfon motar ba. Ta dube ni. Na iya. Astagfirullah.

Alhamis, Magariba

Na je asibiti wurin Sakib. Na dawo.

Juma'a, bayan an sauko

An aske masa gemu ba a tambaye ni ba. Jiya na kasa rubutawa. Haɓarsa ta fito fara sol, kamar ba tasa ba.

Matar da ke jinyar mutumin gadon kusa ta ce in riƙa karanta masa Yasin. Na gode mata. Na karanta masa Wadduha.

Lahadi, da safe

Eshref ya zagaya motar yana duba tayoyi, alhali ba tayoyi suka kawo shi ba. Can ya tsaya ya cire hularsa ya mayar.

"Nezira, kin ga kan duwatsun can? Sun fara fari."

"Na gani."

"In ƙanƙara ta sauko ta sami ruwan nan a ciki, tanki zai tsage, bututu su fashe a cikin bango. Ba mai gyara miki su a ƙasar nan. Motar za ta koma kejin kaji. A zubar da shi kawai, aikin ɗan lokaci ne."

Na ce Sakib ba ya son a taɓa masa ƙarƙashin benci. Kowace shekara shi yake yi da hannunsa, ni haske kawai nake riƙe masa. Na ce a bari ya dawo.

Eshref ya dubi itacen tuffa ya daɗe. Ya ce, "To, Allah Ya dawo da shi." Ya tafi.

Idan an zubar, ba a kwana a mota kuma. Ba shi ya faɗa ba, ni na sani. A nan duk wanda ya zubar da ruwan motarsa ya rufe ta ke nan sai bazara.

Litinin, Azahar

Fitilu duka.

Talata, da yamma

Ramiza ta ce an shafa jan fenti a ƙofar gidanmu, alamar za a rushe shi. Ta ce labulen ɗakin girki yana nan rataye, ana hango shi daga titi ta wurin da bango yake a da. Ta tambaye ni ko a ciro mini shi. Na ce a bar shi.

'Yata Amila ta kira daga Graz, can ƙasar waje inda take aure. Ta ce, "Mama, ki taho wurinmu, ɗakin yara ya ishe ku." Na tambaye ta tarin ƙaramin ɗanta, ta ce da sauƙi. Muka yi maganar tarin har muka gama.

Rigar sanyinsa tana rataye bayan kujerar direba. Ban wanke ta ba. Da yamma idan haske ya ragu sai ka ce mutum ne ya juya baya yana duba taswira.

Alhamis, Magariba

Hannunsa na hagu yana da ɗumi. Na dama ba na son rubuta shi.

Likita yarinya ce, sa'ar Amila. Ta ce, "Inna, ki riƙa yi masa hira, ki ba shi labarin gida." Na ba shi labarin tuffa, cewa bana ta yi 'ya'ya har reshe ya karye. Idonsa yana kan taga, tun ranar nan bai yi magana ba.

A motar haya ta dawowa wasu mata biyu suna ta lissafa waɗanda aka samu a ƙarƙashin laka da waɗanda ba a samu ba. Na ja ɗankwalina na rufe kunne, na kama tasbihi.

Asabar, bayan Asuba

Ƙara ce ta tashe ni kafin kiran salla, ƙas, kamar an karya ƙashin kaza. Sai na ji ruwa yana zuba a ƙarƙashina. Na fita ba takalmi. Yana tsiyaya daga cikin motar zuwa ƙasa, ya yi hanya ya bi ta gindin tuffa ya nufi kwata. Na tara hannu. Ban san me nake nufi da tara hannun ba. Na shiga na ɗauko tukunya, kafin in dawo ya tsaya.

Na zauna a matakala. Ƙafafuna ba na jin su don sanyi.

Asabar, da hantsi

Eshref ya ce ba abin da ya fashe. Tukunyar ruwan zafi ce, an yi ta da wani makulli mai sakin kansa idan sanyi ya kai wani matsayi, don kada ta tsage. Ya ce, "Kin ga, Bajamushe ya fi mu tsoron Allah. Motar ma da kanta tana gaya miki." Babban tankin ba shi da wannan dabarar, shi sai hannu.

Ramiza ta fito da bokitai biyu. "Yau za a gama. Mu wanke tsakar gida da shi, saura mu zuba a banɗaki. Ba a yi almubazzaranci ba ke nan, ko Malama? Na san abin da ke damunki. Tun kina amarya ruwan wanke shinkafa ma sai kin kai wa fulawa."

Na ce ba za a zuba shi a banɗaki ba.

"Ruwan Zamzam ne?"

Ban so in faɗa ba, don na san zai taɓa ta. Na ce, "Yaya, daga idon ruwan Inna Zumra ya ɗebo shi."

Ta ajiye bokitan.

Inna Zumra mahaifiyarsu ce. Da ta rasu, Sakib ya gina mata famfon sadaka a bakin hanyar da ke hawa tudu, kamar yadda ake yi wa mamaci: bango na farin dutse, da bututun tagulla, da kwami don dabbobi, da sunanta a sassaƙe, duk wanda ya sha ladan ya je mata. Ruwan daga wani ido yake zuwa can sama. Duk tafiyar da za mu yi, daga nan yake cika tanki, wai ba ya shan ruwan baƙi alhali na uwarsa yana gudu. Tun ranar da tudu ya sauko idon yana ƙarƙashin ƙasa. Famfon ya tsira, amma ya bushe.

Ramiza ta ce, "Wato wannan ne ya rage."

"Shi ne."

Ta ɗauki bokitanta ta koma ciki. Yau ba a kunna talabijin ba.

Lahadi

Ba ta fito ba. Ni ma.

Litinin, bayan Azahar

Na kunna famfon motar na tsiyayi rabin kofi. Na duba launinsa a taga, na shinshina, na ɗanɗana, kamar yadda malamarmu ta koya mana muna yara. Ba abin da ya canza. Ɗanɗanon dutse yana nan. Ragowar na yi bismilla na shanye.

Sai na tsallaka tsakar gida na buga ƙofar kicin, ni da ban taɓa bugawa ba sai don jarka. Na ce, "Yaya, a mayar da shi inda ya fito. A bayan famfon akwai ɗan akwatin siminti inda ruwan ido yake taruwa. In an zuba ta nan, zai fito ta bakin tagullar kamar da."

Ta ce, "Na yini ɗaya."

"Ko na rabin yini."

Ta goge hannu a zaninta ta ƙwala wa Eshref kira.

Talata, da yamma

Tiyon Sakib, farin nan da yake cika tanki da shi, gajere ne. Eshref ya ce ba damuwa, a tsayar da motar a fili can nesa, yana da dogo. Ya shiga rumfar baya ya fito da shi a kafaɗa, mai tsabta, har sheƙi yake yi. Tun kafin ya iso hancina ya ji abin da ya ji.

Na ce, "Yaya Eshref, wannan na mene ne?"

"Na... aiki ne."

Ramiza ta fashe da dariya har da dafa bango. "Na aiki! Faɗa mata wane aiki, Alhajin tukunya! Uwata da ko ruwan inabin da ya kwana ba ta sha, za ka aika mata sadaka ta tiyon barasa?"

"An wanke shi fa! Ai abin ma kashe cuta yake yi."

Na ce ya yi haƙuri, ba raini ba ne. Ya ce ya sani. Ya naɗe abinsa yana ƙunƙuni, wai a gidan nan shi kaɗai ne zai shiga wuta, a bar masa wuri kusa da ƙofa.

Saura hanya ɗaya: a hau da motar har kwanar da ke saman famfon, a tsaya daidai kansa, gajeren tiyon ya isa. Eshref tun ranar nan bayansa ba ya barinsa zaman tuƙi. Ramiza ta ce ita za ta ja. Abin da ya fi ƙaramar motarta girma ba ta taɓa ja ba.

Rediyo ta ce sanyi mai ƙarfi zai sauko daren Alhamis.

Laraba, bayan La'asar

Zan rubuta a hankali, hannuna bai gama dawowa daga sanyi ba.

Don ta zauna sai da na cire rigarsa daga bayan kujera. Na ɗora ta a cinyata. Ramiza ta murɗa makulli, motar ta yi tari ta tashi, muka tafi da rabin reshen tuffa.

"Kar ki ce komai, Amarya."

"Ban ce ba."

"Leɓenki yana motsi."

"Ayatul Kursiyyu ce."

"To ɗaga murya, ni ma in samu."

Hanyar tudu an share gefe ɗaya. Ɗaya gefen ban duba ba. Na kafe idona a kan ƙyallen da ke rataye jikin madubi har muka kai kwanar. A bayanmu ina jin ruwan yana kaɗawa cikin tanki, yana bugun bango, kamar dabbar da ta gane hanyar gida.

Famfon ya yi ƙura, busassun ganye sun cika kwamin. Muka kwashe su da hannu. Ramiza ta goge sunan da bakin zaninta. Murfin akwatin siminti ya yi mana nauyi, sai da muka sa ƙarfen canza taya.

Na ɗaga bencin. Ban taɓa sa hannuna a nan ba. Makullai biyu ne, na san ɗayan na ruwan wanke-wanke ne, kuma na tsaya ina tsoron kada in aika wa baiwar Allah ƙazanta. Sai na durƙusa yadda nake durƙusawa in riƙe masa haske, na tuna inda kafaɗarsa take karkata. Na hagu ne, mai shuɗin hannu. Na ɗaura tiyon a bakin bututun da ke ƙarƙashin mota, Ramiza ta saki ɗaya bakin cikin akwatin. Na yi bismilla na murɗa.

Shiru. Ramiza ta ce, "Kin tabbata ba—" sai tagullar ta yi kaki, ta tofar da laka, ta sake tofarwa, sannan ruwa ya miƙe, siriri, fari.

Muka sha. Muka yi mata Fatiha. Muka zauna a bakin kwami muna jiran mai wucewa.

Ba kowa. Hanyar rufe take daga sama, wa zai wuce? Ruwa yana zuba, kwami yana cika, ni ina lissafin cewa in ya ƙare ba wanda ya sha sai mu, to zubar da shi na yi da dogon zagaye. Ramiza ta tashi ta tsaya tsakiyar hanya, hannu a ƙugu. Can sama katafila tana aiki. Ta sa yatsu biyu a baki ta yi fito irin na makiyaya, ban san ta iya ba.

"Kai, masu rawayar riga! Ku sauko ku sha ruwa!"

Wani ya amsa daga sama, "Muna da namu, Inna!"

"Na roba? Ku sauko, na ce, kafin in hau!"

Suka sauko, laka har gwiwa, suna dariya. Da suka ga dutsen sai dariyar ta tsaya. Babbansu, wani mai gicciye a wuya, ya cire hula ya karanta sunan a hankali. Ya tara hannu biyu ya sha, ya wanke fuska, ya ce Allah Ya ba ta hutu. Sauran suka zubar da na gorunansu a gindin itace suka cika da wannan. Ɗaya ya tambaya ko idon ne ya dawo. Ramiza ta ce, "Sha dai."

Kafin La'asar ya fara tsinkewa, ya koma ɗigo. Abin da ke kwami muka bar wa tumakin mutanen sama.

Na danna maɓalli. Ba fitila ko ɗaya.

Da muka dawo na share motar, na naɗe darduma, na bi famfunanta ɗaya bayan ɗaya na ɗaure su tam, na kicin, na wanka, na wurin wanke hannu. Na kulle ƙofa. Na ɗauki rigar da Alƙur'anina na hau ɗakin sama.

Alhamis, bayan Asuba

Gadon ya yi faɗi.

Alhamis, Magariba

Na shiga wurinsa ina jin kamar yarinyar da ta fasa tulu. Na gyara masa matashi, na shafa masa mai a leɓe, na yi ta kewaye-kewaye. Sannan na ce, "Sakib, na taɓa maka ƙarƙashin benci."

Na ba shi labarin duka. Reshen tuffa, tiyon Eshref, fiton Ramiza, mai gicciye. Na ce ruwan ya fito ta bakin tagulla kamar da. Na ce kada ya damu, na bar masa motar tsaf, famfunan ma duk na ɗaure su da kyau.

Idonsa ya bar taga.

Hannun hagu ya tashi daga kan bargo, kaɗan. Yatsu uku suka haɗu kamar sun kama wani abu, suka murɗa iska. Na ce, "Eh, na rufe." Ya sake murɗawa. Goshinsa ya tattare, irin tattarewar da yake yi idan na haska masa inda ba nan yake so ba. Na dubi hannun sosai. Ba wajen rufewa yake murɗawa ba.

Na ce, "A buɗe ake barinsu?"

Ya lumshe ido. Hannun ya koma kan bargo.

Ashe ragowar ruwan da ke cikin bututu ba ya sauka sai iska ta shiga ta famfo. Ni duk shekarun nan da zarar tanki ya fara zuba nake tafiya ɗora gahawa, ban taɓa ganin ƙarshen aikin ba. Kuma a gidan da na tashi, ba a wuce famfo a buɗe.

Na fita baranda na kira Ramiza. Rana ta kusa faɗuwa, gilashin taga ya fara yin sanyi.

"Yaya, makullin mota yana ƙarƙashin matashina. Je ki buɗe famfunan duka, ki bar su a buɗe."

"Yanzu? Ina tsakiyar murza ƙullu, Amarya. Jiya kin ɗaure su kamar za a sace, yau kuma a buɗe? Wa ya ce?"

"Shi ya ce."

Ina jin talabijin a bayanta, sai na ji an kashe.

"Sake faɗa."

"Shi ya ce, Yaya."

Na ji ƙarar takalmanta a kan matakala. Ba ta kashe wayar ba, ni ma ban kashe ba.